Shawara: Mai Gida Ya Ba Ni Wata Guda, Dillali Ya Ba Ni Mako Biyu

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina zaune da iyalina a gidan haya mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, shekara-shekara nake biya, kuma saura shekara takwas in yi ritaya. Kwanan nan mai gidan ya aiko cewa ya ɗaga haya daga naira miliyan 1.5 zuwa miliyan 2.5, in ba zan iya ba in kwashe kayana cikin wata guda. Ana cikin haka wani dillali, abokin surukina, ya nuna mini fuloti a bayan Kuje a kan miliyan 7, da takardar sarkin ƙauyen, ya ce idan ban kawo kuɗi cikin mako biyu ba zai sayar wa wani. Abin da na tara miliyan 2 ne kawai. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Unguwar Rogo a Jos, wanda dillalai suka ce zai yi miliyan 24. Mu biyu ne maza, mata uku, mahaifiyarmu tana ciki tare da autarmu, kuma ba a raba gado ba. Ina so a sayar in karɓi rabona in sayi filin, ƙanena kuwa ya ce a zuba 'yan haya a ɗakunan waje, har magana ta fara ɓaci a tsakaninmu. Ina neman shawara.

Magidanci daga Kubwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka kabarinsa, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Malam, wasiƙarka ta ƙunshi al'amura uku ne waɗanda kowannensu yake da hukuncinsa da lokacinsa, amma wa'adin da mutum biyu suka ɗiba maka ya ɗaure su wuri ɗaya har kake ganin dole ne ka warware su duka kafin wata ya mutu. Mutanen nan biyu, mai gida da dillali, kowannensu yana da abin da zai samu idan ka yi gaggawa, kuma babu ɗayansu da zai ɗauki asarar idan abin ya ɓaci. Saboda haka zan fara faɗa maka ra'ayina kai tsaye kafin in kawo dalili: kada ka sayi wannan fili, kada ka matsa a sayar da gidan Jos a wannan hali, kuma kada ka ɗauka cewa wata guda ne ya rage maka a gidan da kake ciki.

Bari in fara da maganar haya, domin ita ce ta hana ka barci. A Babban Birnin Tarayya akwai dokar da ta tsara yadda mai gida zai karɓi gidansa daga hannun ɗan haya, kuma idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce wani abu dabam, dokar ta ba mai biyan haya mako-mako notis na mako guda, mai biyan wata-wata notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara kuwa notis na wata shida cur. Bayan wannan wa'adi ya cika, sai mai gida ya sake ba da wani notis na kwana bakwai yana sanar da niyyarsa ta zuwa kotu, sannan alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai suke da ikon fitar da kayan mutum bayan an yanke hukunci. Cire ƙofa, ko yaye kwanon rufi, ko yanke wuta da ruwa, ko turo 'yan daba, duk laifi ne da zai iya jawo wa mai gida biyan diyya, kuma 'yan sanda ba su da hurumin tashin ɗan haya.

Sai dai akwai wani wuri da nake so ka duba da idon basira, wato takardar da ka sa wa hannu ranar da ka kama gidan. Lauyoyin masu gidaje a Abuja sukan rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, ta fara rana kaza ta ƙare rana kaza, ko kuma su rubuta cewa notis na wata ɗaya ko uku ya wadatar. Idan haka aka rubuta kuma ka amince, to abin da ke cikin takardar shi kotu za ta bi, kuma mai yiwuwa notis na kwana bakwai kaɗai ya rage maka bayan shekararka ta ƙare. Don haka ka nemo takardar da dukkan rasiɗanka ka kai wa lauya ya karanta maka su a wannan mako. Kuɗin da za ka ba shi bai kai kuɗin motar kwasar kaya ba.

Game da ƙarin kuɗin kansa, gaskiya ita ce mai gida yana da damar neman ƙari idan shekara ta zagayo, kai kuma kana da damar ƙin amincewa, sai dai ƙin amincewar yana nufin a ƙarshe za ka tashi, ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Ba na ba ka shawarar ka shiga ja-in-ja da shi don kawai doka ta ba ka lokaci, domin duk kwanan da ka ƙara bayan hayarka ta ƙare sai ka biya kuɗinsa. Abin da ya fi shi ne ka je wurinsa da kanka, ko ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka tuna masa cewa ba ka taɓa riƙe masa kuɗi ba, ka nemi a raba ƙarin gida biyu, wani bana wani baɗi. Masu gidaje da yawa sun san cewa idan ɗan haya ya fita sai an yi fenti da gyaran famfo, gida ya zauna wata biyu ko uku babu kowa, sannan ba a san halin wanda zai shigo ba. Idan kun daidaita, a rubuta, kuma ka biya ta banki da bayanin abin da ka biya. Idan ba ku daidaita ba, akwai ofishin sasanci a Babbar Kotun Abuja inda ake zaunar da masu irin wannan saɓani ba tare da doguwar shari'a ba, kuma ko tashin ne ya tabbata, ka sami watannin da za ka nemi wani gida a Dutsen Alhaji ko Bwari ko Dei-Dei cikin natsuwa. Ka tuna dai cewa sabon gida yana zuwa da la'adar dillali, wadda a al'ada kashi 10 cikin 100 ce ta hayar shekara, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna, saboda haka ka haɗa lissafin duka kafin ka ce tashi ya fi zama sauƙi.

Yanzu ga maganar filin, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne dukiyar mutane take salwanta. Ƙasar Abuja ba kamar ta Kano ko Filato ba ce. Tun dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976, wadda ta kafa sabon babban birni a zamanin Janar Murtala Muhammad, aka mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar da ke cikin wannan yanki, kuma sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. Ministan Babban Birnin Tarayya ne yake ba da fili a madadin Shugaban Ƙasa, kuma manyan kotunan ƙasar nan sun yanke hukunci cewa babu wani mai wannan iko in ba shi ba. Wannan ya haɗa da dukkan ƙananan hukumomi shida na yankin, wato Birni da Kewaye da ake kira AMAC, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Sarkin ƙauye mutum ne mai daraja a cikin jama'arsa, kuma mai yiwuwa ne da zuciya ɗaya yake ganin gonar kakanninsa ce yake sayarwa, amma takardarsa ba ta mallaka maka ko taku ɗaya a idon hukuma. Abin da za ka saya da miliyan 7 ɗin nan shi ne damar zama a wurin har zuwa ranar da wanda Minista ya ba filin zai zo da takardarsa, ko ranar da aikin hanya zai biyo ta kansa.

Wanda ya zauna a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Minista, ya ga abin da ya sami mazauna Idu-Karmo da Chika da Aleita, kuma daga wancan lokaci zuwa yau babu gwamnatin da ta daina rusau. Idan katafila ta zo, 'yan asalin wuri, Gbagyi da sauran ƙabilun yankin, su ne ake maganar a sake wa matsuguni ko a biya diyyar gida da amfanin gona. Baƙon da ya sayi fili a hannunsu yawanci da kwanon rufinsa da ƙyauren ƙofarsa kaɗai yake tashi. Na san za a ce maka ga wane da wane sun gina a wurin shekara goma babu abin da ya same su, kuma gaskiya ne akwai irinsu. Amma wanda ya gina ɗaki biyu da rarar kuɗin kasuwancinsa yana sane da kasadar da ya ɗauka, halinsa dabam ne da na mutumin da zai zuba gadon mahaifinsa da dukkan ajiyarsa, saura shekara takwas albashinsa ya tsaya.

Ko takardar ƙaramar hukuma ma, wadda ta fi ta sarki ƙarfi a idon mutane, ba ta tsayawa da ƙafarta sai an kai ta AGIS, hukumar da ke riƙe da kundin filayen Abuja a kwamfuta, an tantance ta an daidaita ta, kuma akwai ɗimbin irin waɗannan takardu da aka miƙa shekaru da dama har yanzu ba a kammala tantance su ba, ban da na jabu da suka cika gari. Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk wanda ya nuna maka fili a Abuja ɗaya ce: ina lambar fayil, ina lambar fuloti, ina kwafin takardar izinin mallaka da ake kira R of O ko takardar shaidar mallaka da ake kira C of O? Idan ya kawo, sai ka ba lauyanka, kuma ina nufin lauyan da kai ka ɗauka kake biyansa, domin lauyan da dillali ya kawo aikinsa shi ne ya ga ciniki ya faɗa. Lauyanka ne zai nemi bincike a AGIS, rahoton kuma zai nuna sunan wanda aka ba filin, da girmansa, da abin da aka ware shi dominsa, da ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi, ko akwai ƙara a kansa. Daga nan sai safiyo ya je wurin da na'urarsa ya tabbatar cewa ƙasar da aka tsayar da kai a kanta ita ce wadda ke cikin takardar, domin tsohuwar dabara ce a nuna wa mutum fili mai kyau a bakin hanya alhali takardar ta wani kwari ce can nesa. Shi ne kuma zai gaya maka ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara a babbar taswirar birni, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ake yi a wasu rukunonin gidaje na Lokogoma da Lugbe ta isa ta sa mai sayen fili ya je ya gan shi da damina kafin ya biya.

Bayan duk wannan sai ka ga mai filin ido da ido, ka gwama sunan da ke katin shaidarsa da wanda ke takardar. Filaye da yawa a Abuja sun bi ta hannu huɗu ko biyar da takardar wakilci kawai, wadda ita kaɗai ba ta mayar da mallaka zuwa sunan mai saye. Abin da ke mayarwa shi ne yarjejeniyar miƙa mallaka da aka sami amincewar Minista a kanta, aka biya harajinta, aka yi mata rajista. A duba kuma ko ana bin filin bashin harajin ƙasa na shekara-shekara, domin a shekarar 2025, a ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye fiye da 4,000 saboda an haura shekara 10 ba a biya ba. Kuɗi kuwa ta banki ake biya, cikin asusun mai sunan da ke takardar, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum ɗaya biyan fiye da naira miliyan 5 hannu da hannu. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin bincike ya fito, domin wanda ya ba da shi yakan ƙarasa biyan sauran ne don kada na farko ya bi ruwa. Wannan aiki duka yana cin makonni, kuma mai fili na gaskiya ya san haka, zai jira. Wanda ya ce sai cikin mako biyu, cinikin biri a sama yake so ka yi.

Kasancewar dillalin abokin surukinka ne ba ya canza komai a cikin abin da na faɗa, sai ma ya ƙara nauyinsa. Idan ciniki da bare ya lalace, kuɗi ne suka tafi. Idan da na gida ne, kuɗin za su tafi, ga kuma maiɗakinka a tsakiya tana rasa bakin magana tsakanin mijinta da danginta.

Mu zo ga gidan Jos, mu yi lissafinsa a fili. Idan mahaifinku bai bar wata matar ba bayan Hajiya, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, babu bashi babu wasiyya, to Hajiya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Kashi bakwai da suka rage su ne naku 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, saboda haka kai biyu, ƙanenka biyu, 'yan'uwanka mata ɗaya-ɗaya. A gidan miliyan 24 rabonka miliyan 6 ke nan, kuma wannan idan an sami mai saye a farashin da dillalai suka faɗa, alhali gidan da aka san masu shi suna cikin sauri ba ya kai kuɗinsa. Cire la'ada, wadda a cinikin gida takan kama kashi 5 cikin 100, sai rabonka ya dawo miliyan 5.7. Haɗa da miliyan 2 da ka tara, ka biya fuloti miliyan 7 da tasa la'adar, abin da zai rage a hannunka ba zai zagaye filin da katanga ba, balle a yi maganar harsashi da bulo da rufi. Ranar da ka gama wannan ciniki kana nan a gidan haya a Kubwa, mai gida yana jiran kuɗinsa, ajiyarka ta ƙare, Hajiya kuma da abin da bai kai miliyan 3 ba a hannu tana neman inda za ta zauna da autarku. Matsalar da ta sa ka rubuto wasiƙa tana nan yadda take, an kuma ƙara mata wasu biyu.

Ba zan ɓoye maka haƙƙinka ba. A shari'a kowane magaji yana da damar neman a fitar masa da rabonsa, kuma a mazhabar Malikiyya idan gida ba zai rabu ba sai da ɓarna, alƙali yana iya sa a sayar a raba kuɗin. Ba ka yi laifi ba don ka yi tunanin rabonka. Amma shari'ar da ta ba ka wannan dama ita ce kuma ta ba 'yan'uwanka haƙƙin shuf'a, wato idan abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon karɓarsa a kan wannan farashi, kamar yadda ya tabbata a hadisin Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci da shuf'a a cikin duk abin da ba a raba ba. Hikimar ita ce kada a shigo wa mutane da wanda ba su zaɓa ba cikin gidansu. Don haka idan wata rana buƙatarka ta kuɗi ta zama dole, hanyar da ta fi tsabta ita ce a kira mai kimanta gidaje mai rajista ya yi wa gidan kuɗi, ƙanenka ko wata daga cikin 'yan'uwanka mata ta sayi kasonka, ko da a biya ka kashi-kashi, gida ya zauna a hannun zuri'a, Hajiya ta ci gaba da zama a ɗakinta.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Jos wanda kai ka fi ni saninsa. Tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 zaman garin ya rabu, mutane suka tattaru a unguwannin da suke jin kwanciyar hankali, har ya zama samun gida a Unguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos ba abu ne mai sauƙi ba, domin jama'a suna ƙaruwa fili kuma ba ya ƙaruwa. Gidan da kuka sayar yau da wuya ku iya sayen irinsa a unguwar bayan 'yan shekaru. Ga shi kuma Unguwar Rogo tana maƙwabtaka da Jami'ar Jos, inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata kullum suke neman ɗaki. Shawarar ƙanenka ta zuba 'yan haya a ɗakunan waje tana da ma'ana, kuma ina goyon bayanta, da sharaɗin a yi ta bisa tsari.

Tsarin kuwa yana farawa ne da abin da kuka jinkirta, wato rabon gado. Barin gado ba a raba ba shekara da shekaru shi ne yake haifar da shari'ar da jikoki suke gada, domin idan ɗaya daga cikin magada ya rasu sai kasonsa ya sake rabuwa tsakanin nasa magadan, mutum shida su zama ashirin. Raba gado ba ya nufin sayar da gida. Ku je gaban alƙali ko malamin da ya san fara'ila, a biya bashin mamaci idan akwai, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, a rubuta kason kowa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, a karɓi takardar kotu. Ku binciki takardun gidan kansu, domin tsofaffin gidajen Jos da yawa takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kaɗai gare su, kuma yana da kyau ku fara neman takardar shaidar mallaka a ma'aikatar filaye ta Jihar Filato, inda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora wa Gwamna alhakin bayar da ita. Bayan haka sai ku naɗa mutum ɗaya wakili, a buɗe asusun banki na gidan, kowane ɗan haya a rubuta masa yarjejeniya da rasit, a ware wani abu domin gyaran rufi da kwashe masai, a zaɓi 'yan hayar da Hajiya za ta iya zama da su tun da ita ce a gidan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, saboda haka babu wanda zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne.

Kuɗin hayar na dukkan magada ne gwargwadon kason kowa. Idan kun ga ya dace a bar wa Hajiya shi domin cefane da magani, wannan alheri ne babba, amma a tambayi kowa shi kaɗai, musamman 'yan'uwanku mata. Sau da yawa maza suna yanke magana a zaure, mata su yi shiru saboda kara, a ɗauki shirun a matsayin yafewa, alhali wata tana can gidan miji da buƙatar da ta fi ta kowa. Wannan yana damuna ƙwarai a duk inda na gan shi, kuma kai ne babba, kai za a tambaya.

Saura burinka na mallakar gida, wanda buri ne mai kyau kuma ban ce ka ajiye shi ba. A matsayinka na ma'aikacin tarayya, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashinka zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi, kuma masu zubi suna iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ko su shiga tsarin da ake biyan haya har gida ya zama na mutum. Akwai hukumar da ke ba ma'aikatan tarayya rancen gina gida, kuma tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar amfani da kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshon ma'aikaci a matsayin kuɗin farko na sayen gida, ko da yake duk abin da aka ɗiba zai rage abin da za ka riƙa karɓa bayan ritaya. Idan maganar kuɗin ruwa ta tsaya maka a rai, kuma ya kamata Musulmi ya tsaya ya tambayi malamai a kanta, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, sannan akwai ƙungiyar gama kai ta ma'aikatarku. Duk waɗannan ƙofofi abu ɗaya suke fara tambaya, wato takardar mallaka sahihiya, kuma babu wadda takardar sarkin ƙauye za ta buɗe maka.

Idan kuɗinka ba su kai filin Abuja mai takarda ba, Mararaba da Ado da Masaka suna cikin Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla kuma suna cikin Jihar Neja, inda dokar ta bambanta, ana sayen fili a hannun iyalai a nemi takardar Gwamna daga baya. Can ma sai an yi bincike a ofishin filaye na jihar, an tabbatar shugaban iyalin da manyan 'ya'yan gidan duk sun amince, kuma sai ka auna cunkoson hanyar Nyanya ko ta Zuba da za ka riƙa bi safe da yamma.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ban ga ka yi wa kanka ba a cikin wasiƙar: a ina kake so ka zauna bayan ritaya? Aiki ne ya kawo ka Abuja, kuma rayuwar garin da kuɗin fansho tana da wuya, shi ya sa ma'aikata da yawa suke komawa gida da zarar sun ajiye aiki. Idan Jos za ka koma, to ya fi maka ka daure da haya na shekarun da suka rage, ka riƙa tara abin da za ka sayi fili mai takarda a can ka gina a hankali kusa da 'yan'uwanka, ko ma kai ka sayi kason wanda yake son sayarwa a cikin gidan naku. Ka zauna da maiɗakinka ku yi wannan magana, domin amsarta ce za ta nuna inda ya kamata miliyan 2 ɗin nan su dosa.

A yanzu dai ka kai takardar hayarka wurin lauya, ka nemi ganin mai gidanka, sannan ka sami ƙarshen mako ka tafi Jos da kanka, domin irin wannan magana ba a gyara ta a waya. Ka fara da ɗakin Hajiya, ka gaya mata cewa ka janye maganar sayarwa, ka ji abin da yake ranta, sannan ka kira ƙanenka da 'yan'uwanka mata ku sa ranar zuwa gaban alƙali. Shi kuwa dillali, ka nemi ya turo maka lambar fayil ɗin filin da kwafin takardar Minista. Idan ya turo, lauyanka ya bincika. Idan bai turo ba, ka sanar da surukinka cikin ladabi cewa ka gode da ƙoƙarin da aka yi maka, amma ba za ka iya wannan ciniki ba.

Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya haɗa kanku. Wassalam.